Awa Biyar a Takarda

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a layin. Tun yana saurayi, in ya gama gyaran agogo sai ya kara shi a kunne, ya lumshe ido, ya ce, "Daidai." Haka sunan ya bi shi, har furfura ta zo ta ƙara masa Baba a gaba. Matarsa, wadda yaran gida da na maƙwabta ke kira Inna, ita kaɗai ce ba ta faɗin sunan. Malam take ce masa, sai fa ranar da ya ƙure ta, nan ne za ka ji ta ce "mai agogon nan".

Shagonsa ɗan tsukut ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, bango ɗaya da shagon mai aski. Tebur mai gilashi, hantsaki, ƙananan sukundireba a cikin gwangwanin madara, sai gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya. A wurin kawunsa ya koyi aikin, lokacin da agogo ke da daraja, ango ya ɗaura, ɗan makaranta ya yi mafarkinsa. Da wayar hannu ta zo ta kashe kasuwar, aikin ya koma canja batir da huda maɗauri. Duk da haka takwas na bugawa yake buɗe shago, ko da kuwa ƙuda ne kaɗai zai shigo.

Shekara arba'in da ɗaya Inna ta yi da mutumin nan, kuma ba ta taɓa jin ya ce "an jima" ko "can da yamma" ba. Sai dai "biyar saura kwata". In ta kawo abinci ya kan duba hannunsa kafin ya duba kwanon. Ranar da ta haifi ɗansu na fari, da aka fito aka yi masa albishir, tambayarsa ta farko ita ce ƙarfe nawa.

Abin da ya sa maganar Maƙaryaci ke yi wa mutanen layin daɗi ke nan. Maƙaryaci wani tsohon agogon tebur ne mai ƙararrawa biyu a ka, yana zaune a kantar sama, a kusurwa. Duk agogon shagon bakinsu ɗaya, shi kaɗai ke faɗin nasa. Ana azahar yana cewa takwas na safe. Mai aski ne ya raɗa masa sunan, kuma ba ya gajiya da tsokana.

"Baba Daidai, yau ma ɗan naka bai farka ba?"

"Na wani ne, bai zo ya karɓa ba."

"To ka gyara masa mana. Ko ya gagare ka ne?"

Baba Daidai ya kan mayar da gilashinsa ido ya yi kamar bai ji ba. Inna kuwa abin na yi mata ciwo a madadinsa. Sau biyu ta ce ya jefa shi a kwandon shara ya huta da bakin mai aski, ya ce mata ta bar kayan mutane.

Ban da agogo, abu biyu aka san shi da su: gemu, da ƙin tafiya. Gemun fari ne tas, yana taje shi safe da yamma da ɗan matajin da ke aljihun gabansa. Ƙin tafiyar kuwa yana da tarihi. Yana ɗan shekara talatin ya shiga wata mota zuwa gaishe da gwaggonsa, direba ya ce awa shida za su yi. Kwana biyu suka yi. Taya ta fashe, gada ta karye, shi kuma yana zaune a kan buhu, wani rago na cin gefen rigarsa. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar mai aski, gaban mutum bakwai, ya ce:

"Ku shaida. Duk ranar da kuka ga na yi tafiyar da ta wuce awa shida, a zaunar da ni a kujerar nan a aske mini gemu."

Mai aski ya ce ya shaida. Shekara talatin da biyar ke nan yana jira, kuma duk sanda ya wasa aska sai ya leƙo ya yi wa gemun sallama.

Ba wanda maganar ta cuta sai da Auta ta tashi tafiya. Auta ita ce 'yarsu ta ƙarshe, kuma ita kaɗai a cikin yaran ta taɓa zama a shagon tana riƙe masa hantsaki. Ta yi karatun jinya, ta sami aiki a wani asibiti a ƙasar da ke bayan teku. Ranar da ta faɗa masa, bai tambaye ta albashi ba, bai tambaye ta wa ta sani a can ba.

"Kilomita nawa ne?"

"Dubu tara, Baba."

Ya jawo biro da bayan kwalin batir ya yi lissafi da gudun mota. "Kwana biyar, in ba a tsaya shan mai ba." Ya ajiye biron. "Ban hana ki ba. Amma ki sani ni ba mai zuwa ba ne."

Ya ciro wani ɗan agogon hannu daga aljihun tebur ya ɗaura mata, ya koma kan aikinsa. Ko filin jirgi bai raka ta ba.

Shekara tara ke nan. A cikinsu Auta ta yi aure a can, ta zo gida sau ɗaya tak, kwana goma, uban ya yi ta amsa mata gaisuwa kamar baƙuwar maƙwabta. In ta kira waya Inna ta miƙa masa, kalma huɗu ce: "Lafiya lau. Ga uwarki." Abin da ya fi ƙona wa Inna rai shi ne na safe. Da ta ɗauki waya bayan karin kumallo za ta nemi 'yarta, sai ya ce, "Ajiye wayar nan. Mutum ba shi da aiki sai surutu da sassafe." In da la'asar ne ba ya cewa uffan. Inna ta ɗauka riƙo ne irin na tsofaffin maza, ta kan ajiye wayar ta shiga kicin ta huce a kan tukwane.

Sai ga Auta ta haihu, 'ya mace, haihuwar da ta zo da wahala, likita ya hana ta doguwar tafiya. Inna ta ga jaririyar a fuskar waya, ta kai hannu za ta shafa kumatun sai ta ji gilashi. Ranar ta yi kuka sosai. Tana son ta je, amma ba ta taɓa hawa jirgi ba, ba ta jin yaren mutanen can, ita kaɗai ba za ta iya ba. Kuma ba ɗaukar jika kawai take so ba. Tsoronta kada ɗaya daga cikin masu taurin kan nan biyu ya bar duniya ba su shirya ba.

Auta ce ta kawo dabarar, don ita ma 'yar ubanta ce.

"Inna, zan turo takardar jirgi, yaya ya buga miki ita. Ki ajiye a gabansa kawai, kar ki ce komai."

"Me ke ciki?"

"Tashi sha ɗaya na safe, sauka huɗu na yamma."

Inna ta ƙirga da yatsu. "Awa biyar? Ke da kika ce mini wuni ake yi?"

"Awa sha ɗaya ne. Amma kowane filin jirgi da agogon garinsa yake rubutawa. Mu nan muna bayanku da awa shida, to shidan nan ba sa fitowa a takarda. Ba ƙarya za ki yi ba, Inna. Shiru kawai za ki yi."

Inna ta san akwai bambancin lokaci, an sha faɗa mata, sai dai ba ta taɓa riƙe ko gaba ne ko baya ba. Wannan karon ta riƙe. Washegari ta ajiye takardar kusa da kofin shayinsa, ta koma gefe tana tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa ko ɗaya.

Baba Daidai ya sa tabarau. Ya karanta daga sama har ƙasa, ya juya bayan takardar, ya sake juyowa. Ya daɗe.

"Sha ɗaya zuwa huɗu," ya ce.

Inna ta ci gaba da tsintar shinkafa.

"Awa biyar ke nan."

"Kai ne mai lissafi, Malam."

"Biyar kuwa bai kai shida ba." Ya ninke takardar ya sa a aljihu, bayan matajin gemu. "Sai a nemi fasfo."

Saura kaɗan farantin ya suɓuce mata. Murna ta kama ta, kunya ta biyo baya, don tunda take ba ta taɓa yi wa mutumin nan rufa-rufa ba. Can kuma ta tuna da mai aski. Mai aski yana da waya mai faɗin tafin hannu, kuma babu abin da bai sani ba, tun daga farashin jirgin ruwa har ciwon da ya kashe giwa a wata ƙasa. Da yamma, da Malam ya tafi sayen batir, ta yafa mayafi ta tsaya a ƙofar shagonsa.

"Mai aski, wata alfarma na zo nema."

"Ta awa biyar ɗin?" Yana wasa aska a kan fata, yana murmushi har kunne. "Ai tun safe ya zo ya karanta mana. Na duba a waya, Inna. Sha ɗaya ne cif."

"To don girman zumunci ka riƙe bakinka."

"Ni? Ko an sa mini wuƙa a wuya ba zan faɗa ba. Ya je lafiya, ya dawo lafiya. Kujera na nan."

Sai a lokacin ta gane abin da ta yi. Ta sayar da gemun mijinta, kuma ga mai saye yana wasa aska a gabanta. Ta koma gida jiki a sanyaye, amma ba ta fasa ba.

Wata biyu aka yi ana neman fasfo da biza, kuma a wata biyun nan Baba Daidai bai bar kowa ya huta ba. Duk wanda ya kawo agogo sai ya ji lissafin. Kilomita dubu tara a awa biyar, wato dubu ɗaya da ɗari takwas a kowace awa. "Jirgin nan ba ya wasa," in ji shi, yana kallon mai aski ido cikin ido. Mai aski ya kan ƙware da dariya, ya ce tari ne. Inna kuwa duk sanda ta ji an ambaci biyar sai gabanta ya faɗi, ko da kuɗin tumatir ake faɗa.

Ranar tafiya ya kulle shago da kansa, ya fito da 'yar jakar hannu da ya hana kowa taɓawa. A filin jirgi ya duba babban agogon bango, ya duba nasa, ya gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibi ya ba amsa mai kyau. Jirgi ya ɗaga sha ɗaya da minti huɗu, ya ce a rubuta musu huɗun nan.

Inna ta zaci tsoron jirgi ne zai dame ta. Ashe hannun mijinta ne. Agogon na nan a tsintsiyar hannunsa, kusa da gwiwar hannunta, yana tafiya ba tausayi. Sha biyu. Ɗaya. Aka kawo abinci a ƙananan robobi, ta ci ba ta san me ta ci ba. A bayan kujerar da ke gabansa akwai ɗan allo mai nuna taswira, ga ɗan jirgi yana rarrafe a kan shuɗin ruwa, ga lambobi a ƙasa. Ta zare gefen mayafinta ta rataya a kan allon.

"Hasken na damun idonka, Malam."

"Na gode," ya ce.

Ƙarfe uku ta rufe ido ta yi baccin ƙarya. Ta shirya maganganu kala uku, ta zubar. Ta yi tunanin ta ɗora wa direban jirgin laifi, ta ce ɓata hanya ya yi. Ta yi tunanin abin da zai yi in ya gane: ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Shiru zai yi, ya sauka da shirun, ya kai wa Auta shi har gida, ya zama an yi tafiyar banza.

"Ƙarfe huɗu," in ji Baba Daidai.

Ba ta motsa ba.

"Mai bacci ba ya matse ido haka. Na ce ƙarfe huɗu ta yi, ga shi ban ga ƙasa ba."

Ta buɗe ido. Ta taga babu komai sai ruwa da gajimare, rana kuma tana sama kamar an kafe ta da ƙusa.

"Malam, ka yafe mini," ta ce. "Ba biyar ba ne. Sha ɗaya ne. Agogon can daban yake da namu. Na sani, na yi shiru. Kar ka ga laifin yarinyar, ni na ajiye maka takardar."

Ya sunkuya ya jawo jakar hannun daga ƙarƙashin kujera, ya zuge ta, ya ciro wani abu naɗe a tsohon tawul. Da ya warware sai ga ƙararrawa biyu.

"Maƙaryaci?" in ji Inna. "Duk kayan duniya ka rasa abin ɗaukowa sai wannan?"

"Karanta mini shi."

"Goma."

"Nawa kuma huɗu. Tsakaninsu nawa?"

Ta fara ƙirgawa da yatsu. Ba ta kai ƙarshe ba ta tsaya, yatsun a buɗe.

"A wurin Auta yanzu goma ne na safe," ya ce, yana goge fuskar agogon da bakin tawul. "Saura awa shida mu sauka. Ranar da ta tafi na saita shi. Bai taɓa cin minti ɗaya ba."

Inna ta kalli agogon da ta so a jefa a shara. Shekara tara yana kantar sama, ana yi masa dariya, mai shi yana ɗaga kai yana dubawa: yanzu ta tashi, yanzu ta fita aiki, yanzu ta dawo.

"Wayar safe da kake hana ni…"

"Ƙarfe bakwai ɗinki ƙarfe ɗayan darenta ne. Yarinya ta wuni a tsaye kan marasa lafiya, ke kuma ki tashe ta ki tambaye ta ko ta ci abinci."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa wa wa? Na ce mata ba zan zo ba, a gaban teburina. Na ce wa layi guda ba zan yi tafiya ba. Mutum ya wayi gari ya ce ya fasa?" Ya ɗan taɓa aljihun da takardar take. "Sai ga wannan. Wanda ya rubuta ta ya taimake ni."

Dariya da kuka suka zo mata tare, ta rasa wanda za ta fara. Wata biyu tana fama da faɗuwar gaba, ashe mutumin nan yana kallonta tana tsintar shinkafa mai tsabta, yana jin daɗinsa. Ta kai masa ɗan duka a kafaɗa, abin da ba ta yi ba tun zamanin amarci.

"Mai agogon nan, kai ne maƙaryacin ashe."

"Ni takarda na karanta."

"To ka tsaya a kan takardar. In mun koma ka ce wa mai aski biyar aka rubuta, ba ruwanka."

"Kin duba ta dawowa?" Ya ciro takardar ya buɗe mata. "Shidan da suka ɓoye a zuwa, a komawa suke fitowa, har da ƙari. Awa sha bakwai aka rubuta. In na bi gaskiya sha ɗaya, in na bi takarda sha bakwai. Ko ta ina mai aski ya ci."

"Ka san haka ka taho?"

Ya ciro matajin ya taje gemun a hankali, tun daga sama har ƙasa.

"Wata uku zai mayar da kansa," ya ce. "Shekara taran fa, wa zai mayar mini?"

Ta cire mayafinta daga kan allon. Suka zauna suna kallon ɗan jirgin yana rarrafe, Maƙaryaci a kan cinyarsa, awa shida cur.

Huɗu da minti goma suka fito ta ƙofar masu sauka. Baba Daidai ya tsaya a ƙarƙashin agogon filin jirgin, ya ɗaga Maƙaryaci ya gwada su. Bakinsu ɗaya. Karo na farko a shekara tara da wani agogo ya goyi bayansa.

Auta na bayan igiya, ta rame, jaririya a kafaɗarta. Inna ta isa da sauri ta karɓe jikar, ta manna kumatunta da nata, ta manta da kowa. Uba da 'ya suka tsaya suna kallon juna, kowa na jiran ɗaya ya fara.

"Sannu da hanya, Baba," in ji Auta, tana danne dariya, ido ya cika da hawaye. "Awa nawa kuka yi?"

"Biyar. Ba ke kika turo takardar ba?"

Ya miƙa mata Maƙaryaci. "Riƙe. Na garinku ne, ya daɗe yana baƙunta a wurina."

Ta duba fuskar agogon, ta ɗaga kai ta duba na bango, ta sake dubawa. Ta san shi, ta gan shi a kantar sama zuwan da ta yi, har ta taya mai aski dariya.

Baba Daidai bai iya rungumar mutane ba, bai taɓa koya ba. Sai ya yi abin da ya iya. Ya kama tsintsiyar hannunta, inda ɗan agogon da ya ɗaura mata yake har yanzu, maɗaurin duk ya koɗe. Ya ɗago hannun ya kara a kunnensa, ya lumshe ido.

"Yana cin minti biyu," ya ce. "Gobe zan duba shi."

Mutane na ta wucewa da akwatuna, shi kuwa bai saki hannun ba.